Shelly-Ann Fraser-Pryce, 'yar tseren Jamaika: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Tun da matar nan ta yi ritaya a ƙarshen 2025 nake ta samun tambayoyi a kanta, musamman daga waɗanda suka ga hotonta da gashi kala-kala ko suka ga bidiyon da ta tsere wa iyayen yara a makarantar ɗanta amma basu san ko wacece ba. Mu nan in aka ce Jamaika da gudu to Usain Bolt kawai aka sani, alhali akwai macen da ta fara cin zinare tare da shi a 2008 kuma ta ci gaba da gudu shekara takwas bayan shi ya bari. Shi ya sa na tattara tambayoyin waje ɗaya.

Wacece ita, kuma daga ina ta fito?

An haife ta ranar 27 ga Disamba 1986 a Kingston babban birnin Jamaika, a wata unguwa da ake cewa Waterhouse. Unguwar talakawa ce sosai, ta yi ƙaurin suna wajen faɗan 'yan daba da harbe-harbe. Mahaifiyarta ce kaɗai ta raine ta ita da 'yan'uwanta maza biyu a ɗaki ɗaya cikin gidan haya irin na yawa, sana'ar uwar kuma saide-saide a bakin titi. Tun tana firamare take gudu, wani lokaci ma ba takalmi. Daga nan ta shiga sakandaren 'yan mata ta Wolmer's, sannan jami'ar fasaha ta Jamaika inda ta haɗu da kocin da ya gyara ta, Stephen Francis na kulob ɗin MVP. Asalin sunanta Shelly-Ann Fraser, sai da ta yi aure a watan Janairun 2011 ta ƙara Pryce.

Me ya sa ake ce mata Pocket Rocket?

Wato rokar da za ka iya sawa a aljihu. Gajera ce, tsayinta mita 1.52 ne kacal, shi kuwa Bolt mita 1.95. In ka gansu a hoto tare sai ka ɗauka yaya ne da ƙaramar ƙanwarsa. To amma da an harba bindigar tashi sai ka ga kamar cillo ta aka yi, kafin sauran su gama miƙewa ita ta riga ta basu taku ɗaya ko biyu. Bayan ta haihu ta dawo sai sunan ya koma Mommy Rocket.

To gajarta ba ta hana gudu ne?

Gudun mutum abu biyu ne ke haɗa shi, faɗin takunsa da kuma saurin jera takun. Dogo yana cin ƙasa da yawa a kowane taku, gajere kuma dole ya rama da saurin jerawa. Lokacin da Bolt ya yi sakan 9.58 a Berlin taku 41 ya yi, ita kuwa tana buƙatar kusan 50 kafin ta gama mita 100, kenan dole ƙafarta ta taɓa ƙasa ta tashi da wani irin sauri da ido ba ya iya ƙirgawa. Inda gajarta ke mata amfani shi ne wajen tashi, jikinta na kusa da ƙasa, tana turo kanta gaba da ƙarfi ba tare da ta yi saurin miƙewa tsaye ba, a mita 30 na farko kusan kullum ita ce a gaba, aikin da ya rage shi ne ta riƙe tazarar kar dogayen su cim mata a mita 20 na ƙarshe. Da yawa daga tserenta haka suke, ta gudu su biyo ta, layi ya zo kafin su iso.

Kuma fa tashin nan ba wai ka yi ta zumuɗi bane, akwai na'ura a jikin ƙarfen da suke dogara ƙafa, duk wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan ƙarar bindiga to an ɗauka satar tashi ya yi, waje za a yi da shi nan take.

Yaya aka yi ta ci zinaren Olamfik na 2008 tana da shekara 21?

Wannan labarin ni kam ba na gajiya da shi. A Jamaika ana yin gasar tantancewa, ukun farko su ne za su wakilci ƙasa a mita 100. A 2008 yarinyar da kusan ba wanda ya santa ta zo ta biyu da sakan 10.85, ita kuwa Veronica Campbell-Brown wadda ita ce zakarar duniya a lokacin ta zo ta huɗu. Sai ƙasa ta ɗauka, mutane na ta cewa a cire yarinyar nan a sa Veronica, wai ba ta da gogewa, za ta je ta rikice a gaban duniya. Hukumar wasanninsu ta tsaya kan ƙa'ida ta bar mata gurbinta.

Ranar 17 ga Agusta 2008 a Beijing ta yi sakan 10.78, ta bar na bayanta da tazarar 0.20, wanda a mita 100 tazara ce babba, kusan mita biyu. Ku nemi bidiyon ku kalla don Allah. Tun kafin ta gama tsallake layi ta ɗaga hannu sama, ta hau tsalle tana ihu tana dariya, ga wayar gyaran haƙori a bakinta tana ƙyalli, irin murnar da mutum ke yi in shi kansa bai gama yarda abin ya faru ba. A bayanta 'yan ƙasarta biyu Sherone Simpson da Kerron Stewart suka shigo tare da 10.98, na'ura ta kasa raba su, aka ba kowacce azurfa, ba a ba kowa tagulla ba. Ita ce mace ta farko daga yankin Karebiyan da ta ci zinaren mita 100 a Olamfik. Merlene Ottey, tsohuwar 'yar tseren Jamaika, ta yi shekaru tana nema, lambobin Olamfik 9 ta tara amma ba zinare ko ɗaya.

Wani abu da ya shafe mu a gasar nan, a gudun miƙa sanda na mata kowa ya ɗauka Jamaika ta gama cinyewa tunda su ne ukun farko, sai miƙa sandar ya lalace musu a tsakiya basu ƙarasa ba. Najeriya ta zo ta uku, cikin 'yan tserenmu har da Halimat Ismaila da Damola Osayomi, daga baya kuma da aka soke nasarar Rasha saboda ƙwayoyi sai tagullar ta koma azurfa.

Lambobi nawa ta ci gaba ɗaya?

A Olamfik 8. Zinare 3, wato mita 100 a 2008 da 2012 da gudun miƙa sanda a Tokyo, azurfa 4, tagulla 1. A gasar cin kofin duniya ta guje-guje 17, ciki zinare 10. Biyar daga cikin zinaren nan na mita 100 ne: Berlin 2009, Mosko 2013, Beijing 2015, Doha 2019, Eugene 2022. Ba wanda ya taɓa cin mita 100 sau 5 a wannan gasa, mace ko namiji, Bolt kansa sau 3 ya ci. Akwai kuma zinaren mita 60 na gasar cikin ɗaki a Sopot ta ƙasar Poland a 2014.

Na Landan a 2012 da 10.75 shi ya sa ta zama mace ta uku a tarihi da ta ci mita 100 a Olamfik biyu a jere, bayan Wyomia Tyus da Gail Devers na Amurka. Shekarar da ta fi tashe kuwa 2013 ce, a Mosko ta haɗa mita 100 da 200 da miƙa sanda duk ta kwashe, aka ba ta gwarzuwar shekara. A tseren mita 200 ɗin nan Murielle Ahouré ta Kwaddibuwa ce ta biyu, Blessing Okagbare ta Najeriya ta uku.

Gaskiya ne an taɓa dakatar da ita kan shan ƙwaya?

Gaskiya ne, kuma gara a faɗe shi yadda yake. A watan Mayun 2010 a gasar Shanghai gwaji ya nuna oxycodone a jikinta, maganin kashe zafi ne mai ƙarfi da ke cikin jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Bayanin da ta yi shi ne ciwon haƙori ya matsa mata ta sha maganin da kocinta ya ba ta, kuma ba ta rubuta shi a takardar da ake cikewa kafin gwaji ba. Ba maganin ƙara gudu bane kuma ba ya ɓoye wani magani, shi ya sa hukuncin ya tsaya a wata 6. Ta amsa cewa sakacinta ne tunda ɗan wasa shi ke da alhakin duk abin da ya shiga bakinsa. Ta dawo a 2011, kuma dawowar ba ta zo da sauƙi ba, a gasar duniya ta Daegu ta huɗu ta zo. Daga nan har ta bar gudu shekara 14 ba a sake samunta da komai ba duk da irin gwajin da ake wa masu matsayinta.

Me ya faru a Rio 2016 da aka ce ta faɗi?

Ba faɗuwa ta yi ba, ta uku ta zo da 10.86, Elaine Thompson wadda suke atisaye a kulob ɗaya ita ta ci da 10.71. Duk shekarar nan tana fama da ciwon yatsan ƙafa, kuma mai gudun mita 100 a kan yatsu yake tafiya, duk taku ɗaya nauyin jiki a nan yake sauka. Bayan zagayen kusa da na ƙarshe an gan ta tana ɗingishi tana hawaye, amma ta fito ta yi na ƙarshen haka nan. Burinta ta zama mace ta farko da za ta ci sau uku a jere bai cika ba, amma ta je ta rungume Elaine tana taya ta murna.

Da gaske ne ta haihu ta dawo ta fi da gudu?

Nan ne fa ainihin dalilin da ya sa nake ganin girmanta. A farkon 2017 ta sanar tana da ciki. Ranar 6 ga Agusta ana tseren ƙarshe na mita 100 na mata a gasar duniya ta Landan, kambun da ke hannunta ne ake nema, ita kuma tana gida tana kallo a talabijin naƙuda ta taso mata. Washegari 7 ga wata aka ciro mata ɗa namiji ta hanyar tiyata ta gaggawa.

Duk macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ko wanda ya yi jinyar matarsa ko ƙanwarsa ya san abin da ake nufi. Tari ma wahala yake, tashi daga gado sai an kama ka, dariya sai ka dafe ciki. To mai tsere kuma ƙarfin tashinta daga tsokar ciki da ƙugu yake fitowa, daidai inda aka yanka. Ga shekara 30 ta wuce, shekarun da yawancin 'yan gajeren zango ke fara haɗa kayansu. Mutane da yawa sun ce shikenan ta yi abin da za ta yi, ta zauna ta yi raino. Ita kanta ta faɗa cewa da ta koma atisaye akwai ranakun da ciwo ke hana ta ƙarasawa. A hankali ta dinga hawa, 2018 ta sake sauka ƙasa da sakan 11.

Sai Doha, daren 29 ga Satumba 2019. Gashinta kalar bakan gizo, shekararta 32, filin wasan ma kusan babu kowa don dare ya yi sosai a can. Ta tashi kamar yadda ta saba ta shige layi da 10.71, Dina Asher-Smith ta Ingila ta biyu, Marie-Josée Ta Lou ta Kwaddibuwa ta uku. Aka miƙo mata yaron daga wajen 'yan kallo, ɗan shekara biyu, ta saɓa shi a kafaɗa ga tutar Jamaika, suna zagaya fili yana kalle-kallen fitilu bai ma san me ake ciki ba. Shekara 24 rabon da mai ɗa ta ci babban kambun mita 100 na duniya, tun Gwen Torrence a 1995.

Kuma abin bai tsaya nan ba, duk lokutanta mafi sauri bayan haihuwa ta yi su. Kafin ciki mafi kyawunta 10.70 ne. A watan Yunin 2021 ta yi 10.63 a Kingston, a watan Agusta kuma ta yi 10.60 a Lausanne tana da shekara 34. A lokacin ta riga ta bar MVP ta koma hannun koci Reynaldo Walcott. A 2022 sau 7 tana sauka ƙasa da 10.70 cikin shekara ɗaya, na farkon ma a Nairobi ta yi shi. Na Eugene kuwa wajen ƙarfe huɗu saura na dare aka yi shi agogonmu, na zauna na jira shi a waya, ta yi 10.67 tana da shekara 35, Shericka Jackson da Elaine na biye da ita, Jamaika ta sake kwashe ukun duka. Ban koma barci ba har aka kira sallar asuba.

Ita ce mace mafi gudu a tarihi?

In maganar agogo ake yi, a'a, ta uku ce. Florence Griffith-Joyner ta Amurka ce ke riƙe da tarihin duniya, 10.49 tun 1988, kuma har yau ana gardama a kansa saboda zargin na'urar auna iska ba ta yi aiki daidai ba ranar. Doka ita ce in iskar da ke tura ka ta baya ta wuce mita 2 a sakan ba a lissafa lokacin a tarihi. Ta biyu Elaine Thompson-Herah da 10.54 a 2021, wadda kuma ta doke Shelly-Ann a Olamfik ɗin Tokyo da 10.61 ita ta yi 10.74.

In kuma ana maganar wadda ta fi kowa a mita 100 gaba ɗaya ne, ni dai ita zan zaɓa, kuma na san masoyan Elaine za su ja. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ta ci mita 100 da 200 a Olamfik biyu a jere kuma ta fi ta sauri a agogo. Amma Elaine ba ta taɓa cin zinaren kanta a gasar duniya ba, raunuka sun yi ta katse ta. Ita kuwa wannan daga 2008 zuwa 2023 in dai ta shiga babban tseren ƙarshe na mita 100 sau ɗaya ne kawai ta fito ba lamba. Ta fara da su Veronica da Carmelita Jeter, ta yi zamani da Dafne Schippers da Elaine, ta ƙare da Sha'Carri Richardson da yaran da suna firamare lokacin da ta ci Beijing.

Wai me ya sa Jamaika ke fitar da 'yan gudu haka, ƙasar da mutanenta basu kai miliyan 3 ba?

Za ka ji ana cewa doya ce, wai doyar yankin Trelawny inda Bolt ya fito. To mu ma ai muna cin doya. Abin da ido ke gani shi ne tsari. Suna da gasar makarantun sakandare da suke kira Champs tun 1910, ana yin ta kwana biyar a babban filin wasa na Kingston duk shekara, fili ya cika maƙil, ana nunawa a talabijin, tsofaffin ɗalibai su zo da rigar makarantarsu kamar yadda muke yi wa ƙwallo. Yarinya 'yar shekara 14 ta riga ta saba gudu a gaban dubban mutane suna ihu, to me zai firgita ta a Olamfik. Sannan da can duk mai hazaƙa sai ya tafi jami'o'in Amurka, amma daga 1999 da aka kafa MVP sai aka fara horar da manya a gida, Asafa Powell da ya taɓa riƙe tarihin duniya na mita 100 ma daga nan ya fito. Kociyoyinsu kuma ƙwararru ne, ko Tobi Amusan tamu da ta kafa tarihin duniya na 12.12 a tseren tsallake shinge a Eugene, kocinta a lokacin 'yar Jamaika ce, Lacena Golding-Clarke.

Shi kuma gashin nan fa mai kala-kala?

Gashin kanti ne, tana canza shi kusan kowane zagaye. A Beijing 2015 kore ta saka da furanni ruwan ɗorawa a goshi, kalar tutar ƙasarta. A Eugene tana tsakiyar tseren share fage na mita 200 ya fara zamewa, ta kai hannu ta gyara abinta tana gudu kuma ta samu wucewa zagaye na gaba. Harkar gyaran gashi sana'arta ce ma a gefe.

Me ya same ta a Paris 2024?

Ta yi zagayen farko lafiya da 10.92, kowa na jiran ganin ta a Olamfik ɗinta na biyar. Ranar zagayen kusa da na ƙarshe sai ga bidiyo yana yawo an tsayar da ita a ƙofar filin ɗumama jiki, masu gadi na cewa an canza doka sai ta zagaya ta wata ƙofar. Da lokacin tsere ya yi layinta babu kowa. Julien Alfred ta ƙaramar ƙasar Saint Lucia ce ta ci zinaren daren. Ganin layin nan fayau ya min ciwo sosai, don da ma ta ce wannan ne Olamfik ɗinta na ƙarshe.

Yaushe ta yi ritaya, kuma me take yi yanzu?

Ba ta yarda ta tafi a haka ba, ta ƙara shekara ɗaya. A gasar duniya ta Tokyo a watan Satumban 2025 tana da shekara 38 ta sake kaiwa tseren ƙarshe, ta zo ta shida da 11.03, Melissa Jefferson-Wooden ta Amurka ta ci da 10.61. Tserenta na ƙarshe shi ne miƙa sanda, ita ta fara ɗaukar sandar ta miƙa wa Tia Clayton, ɗaya daga cikin wasu tagwaye 'yan tseren Jamaika da ta girme su da shekara 17, suka samu azurfa. Lambarta ta farko a gasar duniya ma azurfar miƙa sanda ce kuma a Japan ɗin ne, Osaka 2007. A watan Oktoba ta sanar da ritaya.

Tun 2013 tana da gidauniya mai suna Pocket Rocket da ke biya wa 'yan wasa na sakandare kuɗin makaranta da littattafai, ita kanta ta yi digiri kan tarbiyya da ci gaban yara, kuma jakadiyar UNICEF ce a ƙasarta tun 2010. An kafa mutum-mutuminta a bakin babban filin wasa na Kingston, titin da ta taso a kansa a Waterhouse kuma an sa masa sunanta.

To bidiyon tseren iyaye fa, da gaske ita ce?

Ita ce. Ranar wasannin makarantar ɗanta ne aka ce iyaye mata su fito su gwada, ta shiga layi da su a kan ciyawa, kuma ba ta sassauta ba ko kaɗan, kafin sauran su kai rabi ita ta gama. Ta yi a 2023 ta kuma maimaita a 2025.